Romon da Yaya Ta Dafa

Tun a cokali na farko Ƙarama ta san an zuba man shanu a romon nan. Harshenta ba baƙo ba ne a wajen maiƙo, tare suka girma. Ta ɗaga kai ta dubi yayarta. Yaya kuwa ta ba ta baya, ta duƙufa tana goge murhun da tun ɗazu yake ƙyalli, sai ka ce an ce mata masu duba tsabta na hanya.

"Gishiri ya ji?" in ji Yaya, ba ta waiwayo ba.

"Ya ji."

"To shanye. Kada ki rage min ko ɗigo."

Ta kuwa shanye, har da ɗaga kwanon ta kai baki. 

Kada sunan ya ruɗe ka. Ƙarama ake ce mata don ita ce ƙanwa, amma in ta tsaya a ƙofar shagonsu na wanki da guga, sai mai kawo kaya ya jira ta gusa kafin ya ga ko da mutum a ciki. Yaya ma ba ta bar mata komai ba a wajen jiki. Mutanen layin in za su yi maka kwatance cewa suke, "Ka kai shagon Manya," kuma ba wanda ya taɓa ɓata. Tun da mijin Yaya ya rasu, auren Ƙarama kuma ya mutu, suka haɗa kai suka kama wurin, shago a ƙasa, ɗakunan kwana da kicin a saman bene. Injin wanki da cire tabo da tukunya na Yaya ne. Dutsen guga na Ƙarama ne, tana tsaye a gaban tebur cikin tururi tun buɗe shago har rufewa, tana fitar wa wando kari kamar bakin reza.

To, jiki magayi. Suga ya fara zuwa, hawan jini ya biyo bayansa, gwiwoyi suka shiga kuka a kan matakalar bene. Sai wani ɗan ƙurji ya fito mata a babban yatsan ƙafa, abin da ba a ɗauka a bakin komai ba, ya zauna ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. Da aka yi gwaje-gwaje aka ce ƙodarta ma ta fara gajiya. Ba irin ƙoƙarin da ba ta yi ba. Ta sha shayin ramewa har ta gaji da zaryar banɗaki, ta yi tattakin safe har karnukan unguwa suka daina yi mata haushi, amma duk abin da ta sauke sai ya dawo da 'yan rakiya.

A ƙarshe Likita ya ce abin da ya rage shi ne tiyatar rage tumbi. Za a huda cikinta 'yan ƙananan huji, a shiga da ƙarafa da kyamara, a yanke mafi yawan tumbin a fitar, a bar mata ɗan siriri kamar ayaba. Ya ce in Allah ya yarda sugan zai sauka, ƙodar ta samu hutu, ƙafar ta tsira. Ya kuma gaya mata gaskiya cewa kowace tiyata da haɗarinta, kuma abin da aka yanke aka fitar ba ya komawa. Da bakinta ta ce ta yarda, ba wanda ya sa mata wuƙa a wuya. Aka sa rana. Sa ranar ke da wuya, tsoro ya kwaso kayansa ya tare a ƙirjinta.

Kafin ranar akwai sharaɗi. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu jiran irin wannan aiki, ta zaunar da su su biyun ta yi musu bayani: na 'yan makonni ba shinkafa, ba burodi, ba suga, ba mai ko na ɗigo. Romo tsura wanda aka kwashe wa kitse, madara marar maiƙo, dafaffen ganye, sai ruwa. Ta ce don hanta ta ragu ne. Ta yi dogon bayani a kan hantar nan, amma Ƙarama da rabin kunne take ji, hankalinta na can kan wuƙa. Abu ɗaya ne ya shiga kanta ya zauna daram, inda Sista ta ce, "Idan ba ki kiyaye ba, aikin ba zai yiwu ba."

Ba zai yiwu ba. Wannan maganar ta ƙulle a bakin zani ta kawo gida.

Su kuma mutane, Allah ya shirye su. Ka ce za a yi maka tiyata, nan take kowa ya zama likita, kowa yana da gawa a aljihu da zai zaro ya nuna maka. Akwai wata da ke kawo musu labule da zannuwan gado daga masaukin baƙin da take yi wa aiki, Mai Labule suke ce mata, bakinta ba ya hutawa ko tana atishawa. Ranar da ta ji labari ta dire ƙunshin kayanta a kan kantar shagon, ta riƙe haɓa.

"Wai da gaske yanka ki za a yi? Ke kuwa me ya yi zafi? An yi wa wata 'yar'uwar maƙwabciyarmu. Ɗinkin ya ɓalle daga ciki, abinci ya riƙa zuba inda bai kamata ba, sai da ta yi wata da watanni a gadon asibiti da robobi a jiki. Wata kuma an ce ta tashi lafiya lau, amma yanzu ko ruwa ta kurɓa da sauri sai ya dawo. Gashinta duk ya zube. In ana cin abinci tashi take ta shige ɗaki ta yi ta rusa kuka, wai a dawo mata da cikinta." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Amma fa kada ki sa komai a ranki. Naki mai sauƙi ne in Allah ya so."

Kada ki sa komai a ranki! Bayan ta gama zuba mata garwashi a zani.

A ranar Ƙarama ta ƙona kwalar farar rigar wani ma'aikacin banki, abin da rabonta da yi tun tana koyo. Ta tsaya da dutsen a kan kwalar, idonta a buɗe amma ba ta ganin komai, sai da ƙauri ya kai wa Yaya hanci a can wurin injin ta ƙwalla mata kira.

Mutuwa tana tsoronta, wa ba ya tsoro? Amma ba ita ta fi cin ranta ba, wanda ya mutu ai ya huta da da-na-sani. Abin da ya hana ta sakat shi ne matar nan mai kuka a ɗaki. A ce ta farka ta tarar an riga an yi, tumbinta na cikin bokitin asibiti, ta ce ta fasa, a ce mata ai bakin alƙalami ya bushe. Ta yi sauran rayuwarta tana kallon abinci kamar maƙiyi, fata na reto a damatsanta, ta duba madubi ta ga baƙuwa, kuma ba wanda za ta kama da laifi sai kanta, tunda ita ta ce a yi. In kuma ta janye tun yanzu, ga yatsa, ga ƙoda, ranar da aka zo yanke ƙafar nan ma ita ce ta ce kada a yi. Gaba kura baya sayaki. Abin da take so, in za a faɗi gaskiya, shi ne wani ya zo ya sauke mata zaɓin nan daga ka.

Sai ga romon Yaya.

Ta san dalilin Yaya, ba sai an gaya mata ba. Babansu ma a kan teburin tiyata ya cika. Wani ciwon hanji ne ya cinye shi, kafin a shiga da shi ya rame ya zama ƙashi da rai, kuma bai farka ba. Yaya ce ta riƙe takalmansa a bakin ƙofa, ita ta dawo da su gida a leda. Tun daga ranar ta yanke hukunci a ranta, wanda ba likitan da zai iya ciro mata shi: yunwa ce ta kashe Baba, mutum ba ya jure wuƙa sai da ƙarfi a jika. Yanzu kuma ga wasu sun zo sun ce a horar da ƙanwarta da ruwan zafi na makonni, sannan a yanka ta. A gabansu ta ce to. A kicin ɗinta kuwa ita ce likita.

Haka suka shiga wani irin zama, kowacce ta san abin da ake ciki, kowacce ta kame bakinta. Yaya ta fara da ɗan man shanu a bakin cokali. Da ta ga ana shanyewa ba ƙorafi sai ta samu ƙofa. Yau ɓargo, gobe dankalin da ta dama har ya narke ba ka ganinsa, jibi zuma a shayi wai don tari, tarin da ba wanda ya taɓa ji. Tana kwashe kitsen saman tukunyar a gaban idon Ƙarama, da ludayi, a tsanake, har da nuna mata, "Kin gani ko? Tas!" Sannan ta aike ta ƙasa ta duba ko an kashe soket ɗin guga. Ƙarama ta sauka da gwiwoyinta masu kuka, ta tsaya tana kallon soket ɗin da ita da kanta ta kashe, ta ba wa Yaya lokaci ta gama, sannan ta hawo.

A shago kuwa Yaya sai ta mayar da abin wasa. Wata rana ta zaro rigar wata siririyar budurwa daga cikin kayan wanki, ta ɗaga ta da yatsu biyu, ta kara a ƙirjin Ƙarama.

"Ga irin taki nan gaba. Wannan ko hannuna ba zai shiga ba. Kin ga sai mu riƙa wanke kayanki a kofin shayi, mun huta da ɓarnar sabulu."

"Ke dai ki ce za ki gaje zannuwana."

"Me zan yi da su? Sai dai in ba Mai Labule ta rataya a taga."

Suka yi dariya har Ƙarama ta dafa tebur. Amma Yaya ta riga ta yin shiru. Ta ninke rigar da kyau, abin da ba a yi wa kayan da ba a wanke ba, ta tura ta can ƙasan kwando.

Dabarar Ƙarama mai sauƙi ce. Ranar dubawa ta ƙarshe za su ɗora ta a sikeli, su ɗebi jini, su ga ba ta kiyaye ba, su ce aikin ba zai yiwu ba. Shi ke nan, ba ita ta fasa ba. Ta dawo gida da fuskar tausayi ta ce Allah bai nufa ba. Kunyar abin tana damunta, musamman ranar da ta hango Yaya tana tura kwalbar man a bayan buhun garin sabulu, babbar mace da furfura tana sanɗa kamar yarinyar da ta saci suga. Amma kunya ta fi tsoro sauƙin ɗauka.

Ranar dubawar ita kaɗai ta tafi, don kaya sun taru, ba halin rufe shago. Ta zauna a kujerar ƙarfe ta asibitin, wadda ba don irinsu aka ƙera ba, hannayen kujerar na cizon ƙugunta, har aka kira ta. Ta cire takalmi ta hau sikeli da zuciya ɗaya, tana jiran a ce mata tafi gida.

Sista ta duba, ta gyaɗa kai. "Kin sauka. Ba kamar yadda na so ba, amma kin sauka. Wasu haka jikinsu yake, a hankali yake saki."

Kai! Ashe barin burodi da shinkafa da lemon kwalba kaɗai ya isa ya motsa sikeli, da man shanu ko babu. Ƙarama ta sauko ta mayar da takalminta. Saura Likita.

Likita mutum ne marar hayaniya, mai sanƙo, yana magana yana jujjuya biro a yatsu. Ya duba sakamakon jinin, ya ce sugan bai sauka yadda ya zata ba, amma za a daidaita shi da allura kafin ranar. Ya sa aka kwance bandeji ya duba yatsan. Sannan ya tambaye ta ko tana bin tsarin abincin.

"Ina shan romo," in ji ta. Ai ba ƙarya ta yi ba, haka ta gaya wa kanta.

"Madalla. To sai ranar ke nan."

Ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta zauna. "Likita, hantar fa? Ba za ku ɗauki hotonta ku ga ko ta ragu ba?"

"Ba sai mun yi ba. Ranar zan gan ta da idona."

"Ranar? Bayan an riga an..."

"Bayan na shiga." Ya ajiye biron. Ya shimfiɗa tafin hannunsa na hagu, ya kifa na dama a kai. "Kin ga, Malama, ga tumbi a ƙasa, ga hanta kwance a kansa kamar bargo. Kafin in taɓa tumbin sai na ɗaga ta da ƙarfe na riƙe ta a gefe. In mutum ya kiyaye abinci sai ta motse, nauyinta ya ragu, ta ɗagu ba gardama. Shi ya sa muke wahalar da ku da romo."

"In kuma mutum bai kiyaye ba?"

"Sai in tarar da ita ta cika da kitse, ga nauyi ga saurin tsagewa. Wani lokaci in rufe in fito ban yi komai ba, mutum ya sha allurar barci da huji a banza. Wani lokaci kuma garin ɗagawa ta tsage. Hanta kuwa in ta fara zubar da jini..." Ya girgiza kai. "Shi ne abin da ba na son gani. Amma ke ba ki da wannan damuwar."

Ta ce haka ne. Ta yi godiya, har da cewa a gaida iyali. Ta fito.

A baranda ta ja ta tsaya. Ta dafa bango. An gudu ba a tsira ba. Duk makonnin nan tana zaton hanyar kuɓuta take sha a cokali, ashe haɗarin da take gudu take ɗura wa kanta. Ba wanda zai hana aikin. Za su kwantar da ita, su sa ta barci, Likita ya shiga da zuciya ɗaya ya tarar da hantar da ta ƙoshi da man shanu da ɓargo. In kuwa abin da ba a fata ya faru, Yaya ce za ta kasance a bakin ƙofa. Kuma ko ba daɗe ko ba jima wani zai yi mata bayanin da aka yi yanzu, da tafin hannu a kan tafin hannu, ta gane abin da ta riƙa zubawa a tukunya. Wannan tunanin ya fi na wuƙa tayar mata da hankali.

"Hanya, baiwar Allah," in ji wani mai tura keken marasa lafiya. Ta manne da bango ya wuce.

Tana iya tafiya gida ta yi shiru, ranar ta zo ta kashe waya ta ƙi zuwa. Ta tsaya ta auna wannan ma. Amma shi ma ai zaɓi ne, kuma nata ne, ba wanda zai ɗauke mata. Ta juya ta koma ta ƙwanƙwasa ƙofar Likita, ta shiga tun kafin a ce ta shigo, don ta san in ta jira za ta gudu.

"Akwai mai a romon," in ji ta. "Tun farko. Da ɓargo, da dankali, da zuma."

Likita ya ɗago ya dube ta. "Wa ke dafa miki?"

"Ni na sha. Ba wanda ya ɗura min."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin daɗi. Ya ce gara da ta faɗa masa a nan, a zaune, da a ce hantar ce ta faɗa masa a can. Ya ce dole a ɗage ranar, a sake tsarin abincin daga farko.

"Amma ki ji, Malama. Rana zan iya ɗagewa sau nawa ne ma. Abin da ba zan iya ba shi ne in so aikin nan a madadinki. In ba kya so ki ce ba kya so, mu ci gaba da magani da wankin ƙafa iya ƙarfinmu. Ba zan ga laifinki ba."

"In aka yi na zo ina da-na-sani fa?"

"Akwai masu yi, ba zan ɓoye miki ba. Watannin farko akwai wuya. Da yawa daga baya sukan ce da ma tun da wuri suka yi. Amma ban isa in ce miki ga ɓangaren da za ki faɗa ba."

"In ban yi ba fa?"

 Likita ya sauke ido ya dubi ƙafarta da ke naɗe da sabon bandeji.

Ita ma ta dubi ƙafar. Ta daɗe tana kallo, har wani ya leƙo ya ga da mutum ya koma. "A sa wata ranar," in ji ta. In kana jiran a ce maka ta ji sanyi ya sauka a ranta, to ba ta ji ba. Tsoron na nan inda yake, ko gezau, sai dai yanzu ba ta da wanda za ta jingina wa.

Da rana tsaka ta iso shago. Injin na juyi, Yaya na zaune a benci tana goge hammatar wata riga da buroshi. Ta ɗago da sauri.

"Ya ake ciki? Me suka ce?"

"Sun ɗage."

Fuskar Yaya ta washe tun kafin ta iya kama ta. "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ai da ma ni tun farko..."

"Ni na sa suka ɗage. Na gaya musu akwai mai a romon."

Buroshin ya tsaya. "Wane mai?"

"Haba Yaya. Na bayan garin sabulu."

Yaya ta yi jifa da buroshin cikin baho, ruwa ya fantsama. "To na zuba! Na zuba, in aka sake ma zan zuba! So kike in zura ido su mayar da ke kamar Baba, sannan su ɗora ki a tebur? Ke ba ki gan shi ba lokacin da aka tura shi ciki, kina makaranta. Ni na gani!"

Ƙarama ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin. Ta jawo kujera ta zauna a gabanta, ta shimfiɗa tafin hagu ta kifa na dama, ta maimaita mata abin da Likita ya ce, da bargon, da ƙarfen ɗagawa, da jinin. Yaya ba ta kalli fuskarta ba, hannayen take kallo. 

"Ki ce da na kashe ki."

"Da mun kashe ni, ni da ke. Tun cokalin farko na sani."

"Kin sani kika sha?"

"Tsoro nake ji, Yaya. So nake a hana ni."

"To ki hanu mana!" Yaya ta kamo hannunta da jiƙaƙƙun hannayenta. "Ga shi an ɗage, ki bar shi ya tafi haka nan. Mu lallaɓa da magani. Mutum nawa ne ke da suga suna yawonsu a gari?"

"Na sa sun ba ni wata ranar."

Yaya ta saki hannun. Injin ya gama juyi ya fara tsiyayar da ruwa, suna jin sa yana gangarawa a bututu. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa har sai da Ƙarama ta matso.

"Ko an yi lafiya ma na rasa ki."

"Kamar ƙaƙa?"

"Za ki rame ki zama wata. Ki shiga kanti ki ciro riga a rataye ki saya kamar kowa. Ki shiga mota ba wanda zai ja tsaki. Tun muna yara duk tsokanar da ake yi, mu biyu ake yi wa, mu dawo gida mu kwaikwayi mai yin mu sha dariya. Yanzu in aka yi min, wa zan kalla?"

Ƙarama ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, ta rufe, don ba ta sani ba. Tausayin yayarta ya kama ta.

"Ki dafa min na gaskiya, Yaya. Daga yau. Ke kika iya."

Yaya ta dubi hannayenta da sabulu ya cinye, ta girgiza kai. "Ba zan iya ba. Wallahi ba mugunta ba ce. In na tsaya a kan tukunyar nan hannuna da kansa zai kai. In kuma na daure ban zuba ba, to ni na wasa musu wuƙar. Kada ki sa ni, Ƙarama."

Ta sunkuya ta lalubo buroshin a cikin baho.

Ƙarama ta hau benen tana hutawa a hanya. Girki ba fanninta ba ne, sai da ta buɗe durowa uku kafin ta ga inda ludayi yake. Ta feɗe fatar kaza ta zubar, ta dafa tsokar da albasa da gishiri, ta tsaya tana kwashe ɗan maiƙon da ke tasowa, ta kwashe ta sake kwashewa har ruwan ya koma fari. Tana cikin zubawa a kwano ta ji numfashin Yaya a matakala. Yaya ta shigo ba ta dube ta ba, ta buɗe firij ta ɗauki farantin shinkafarta da cokali.

"Ba za ki ɗumama ba?"

"A'a. Ƙamshin zai dame ki. A ƙasa zan ci."

Ta fita ta ja ƙofar.

Ƙarama ta zauna ita kaɗai a teburin kicin. Romon ba daɗi ko kaɗan, kamar ruwan ɗauraya. Ta kai cokali baki, tsoron ranar da ta sa da kanta na nan tokare a ƙirjinta, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Injin ya yi shiru a ƙasa. Sai ta fara jiyo ƙarar cokalin Yaya a kan faranti, a hankali, yana yi yana tsayawa. Tunda suka tare a gidan nan ba ta taɓa jin ƙarar nan daga wani ɗaki ba.